Yayen Tabita Tana da Shekara Talatin da Ɗaya

Duk wanda ya saba neman karin kumallo a Sabo, a bakin lungun nan da ke ɓullewa titin Mokola, ya san Rifkatu mai waina ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce, siririya, baƙa, da tsage a kumatu wanda shekaru suka kusa shafewa. Yarbawa su ce mata Iya Tabita, Hausawa su ce Maman Tabita, ita kuwa ta amsa wa kowa da harshensa ba tare da ta ɗago kai daga tanda ba. Baki gare ta, wannan kam ba a musu. Ka ce mata wainar yau ta yi tsami, ta ce kai ne ka fito ba ka wanke baki ba, sannan ta ƙara maka ɗaya gyara tana harararka.

An haife ta a wani ƙauye cikin ƙasar Malumfashi, a gidan da tun kakanta suke bin Almasihu. Abin ya sha ɗaure wa mutane kai a Ibadan. Bayarabe ya ga Bahaushiya ta ci ado ranar Lahadi ta nufi coci, sai ya tsaya tambayar ko 'yar Jos ce. Baƙon da ya sauka daga Kano ya ji Hausarta tas, ya ji sunanta, sai ya yi ta jujjuya abin a ransa. Tun tana bayani har ta gaji, ta koma cewa haka Allah ya ga dama ya yi ta. 'Yan Sabo dai sun daɗe da sabawa da ita, don shekararta talatin da biyar a cikinsu.

Mijinta Ɗanladi ne ya kawo ta tana amarya, a saman motar albasa, kwana biyu suna hanya. Ya yi dako a Kasuwar Shasha har bayansa ya ƙi, ya koma gadin wani sito, kuma a bakin siton nan ya yanke jiki ya faɗi wata Talata da hantsi, yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Haihuwar Rifkatu uku. Biyu ba su kai ga tafiya ba suka koma. Tabita ce ta tsaya, ita ma tana da shekara uku sanƙarau ya kama ta. Ya sake ta da rai, amma jiki ne kawai ya ci gaba da girma, hankali ya tsaya inda ciwon ya same shi.

Yanzu Tabita mace ce sosai, ta fi uwarta jiki nesa ba kusa ba, ga dariya kamar ba ta san akwai damuwa a duniya ba. Maganarta ba ta cika wuce kalma biyu ko uku ba. Aikinta a wurin waina shi ne fifita wuta, da hannu ɗaya, don ɗaya hannun kullum yana riƙe da gefen zanen uwarta. Uwar ke mata wanka, uwar ke ba ta ƙwayar farfaɗiya kowace safiya, uwar ke zuba mata abinci ta zauna kusa da ita har ta cinye. Ko banɗaki Rifkatu ta shiga, Tabita na tsaye a bakin ƙofa tana kiran Mama har ta fito. Tun ranar da aka sallamo su daga asibitin yara ba su taɓa rabuwa na wuni guda ba.

To, a damina ta bana ne cikin Rifkatu ya fara yi mata nauyi. Ta sha saiwa, ta sha agbo, jiƙon Yarbawa, ta ce ai kumburi ne, ta ƙi zuwa asibiti har sai da ta kasa sunkuyawa ta ɗauki bokitin ƙullu. Aka yi hoto, aka ɗebi jini. Likitar, wata Bayarabiya mai sanyin magana, ta ce ƙari ne, ya girma, sai an yi aiki an cire, a kuma kai shi a duba wane iri ne. Ta ce za a kwantar da ita sati biyu ko uku. Rifkatu ba ta iya kwana-kwana ba, ta tambaye ta kai tsaye ko ana mutuwa a wannan aikin. Likita ta ce yawanci suna tashi lafiya, amma da shekarunta da hawan jininta ba za ta yi mata alkawari ba. Ta rubuta mata rana, saura kwana ashirin. Duk wannan bayanin Tabita na zaune a ƙasa tana wasa da igiyar jakar uwarta.

Tsoro ya kama Rifkatu, tsoro na gaske. Ba wuƙar likita take tsoro ba, ba ma mutuwar ba. Ta binne miji da 'ya'ya biyu, ta san inda take sa ran zuwa. Abin da ke cin ta shi ne wa zai riƙe Tabita. Wa zai jure ta? Wa zai kare ta daga 'yan iskan gari, mace mai cikar jiki wadda duk wanda ya miƙa mata alewa sai ta bi shi? Tana cikin juya waina sai tunanin ya faɗo mata, ta yi tsaye da tsinke a hannu har layi guda ya ƙone. Masu saye suka fara cewa Maman Tabita ta tsufa. Ko tanka musu ba ta yi, wanda ya san ta kuwa ya san wannan ba lafiya ba.

Ita dai ba ta taɓa shakkar cewa Allah mai tausayi ne ba. A kan haka aka raine ta, a kan haka ta rayu. Sai dai tana yi masa magana yadda take yi wa kowa, ba ɓoye-ɓoye. Tana wanke shinkafar ƙullu da rana tana ce masa shi ya ba ta yarinyar nan, shi ya bar ta a haka, to yanzu ina yake so ta kai ta? Wata rana da la'asar abin ya kai ta bango, ta ji bakinta yana roƙon Ubangiji in dai zai ɗauke ta, to ya fara ɗauke Tabita ko da kwana ɗaya ne kafin ita. Tana faɗa ta waiwaya ta ga yarinyar tana mata dariya da ƙullu a hanci. Ta durƙusa a nan tsakar gida ta nemi gafara, ta yi kuka har Tabita ta tsorata ita ma ta fara.

Ta buga waya gida. Gidan ma ina yake? 'Yan bindiga sun tashi ƙauyen tun shekara uku, ƙanenta yana Funtuwa da mata da 'ya'ya bakwai a wani kango da ko ƙofa babu. Ya ce ta kawo ta, Allah zai rufa asiri, amma a muryarsa ta ji yana addu'ar kada ta kawo. Ta kai maganar cocinsu, inda ake sujada da Hausa, yawanci matan sojoji ne da 'yan sanda da masu gadi. Matan zumunta na cocin suka yi mata addu'a da hawaye, kuma ba na ƙarya ba. Amma wannan ɗaki ɗaya gare ta da yara shida, waccan an yi wa mijinta canjin wurin aiki, wata kuma tana can unguwar Ojoo mai nisa, tana fita tun asuba ba ta dawowa sai magariba. Suka ce za su riƙa karɓa-karɓa, kwana biyu nan kwana biyu can. Rifkatu ta yi godiya, amma ta san Tabita da ko kofinta aka canza sai ta wuni tana kuka ba za ta iya wannan yawon ba.

Fasto ya zaunar da ita bayan an tashi, ya ce mata Allahn da ya ga Ɗansa a kan gicciye ya san zafin da ke cikin zuciyar mahaifi, ba zai yi mata kallon banza ba. Ta ce ta yarda, kuma da gaske ta yarda. Amma a keke napep suna komawa tana ta tambayar kanta wa zai ɗora wa yarinyar ruwan wanka.

Duk wannan fafutukar ba ta ce wa Hajiya Kaltume komai ba. Kaltume ita ce maƙwabciyarta, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin hayar Rifkatu da tsakar gidanta. Haifaffiyar Sabo ce, mijinta falken goro ne ya rasu ya bar mata gida da ɗanta Gali da matarsa Sakinat. Gajera ce mai ƙiba, Yarabanci a bakinta ya fi na Yarbawa zafi. Shekara talatin suna faɗa da Rifkatu a kan ruwan kwata, shekara talatin kuma kwano bai daina tsallaka tsakaninsu ba. Da Sallah nama ya zo, da Kirsimeti shinkafa ta tafi, kuma Gali ne ke zuwa ya yanka wa Rifkatu kazarta don kowa ya iya ci. Amma cin abinci daban, ba da 'ya daban. Rifkatu ta sa a ranta gidan Musulmi ne, in ta mutu yarinyar tana can, a hankali za ta manta sunan Yesu, ba don wani ya tilasta mata ba, sai don ba mai faɗa mata. Wannan kuwa ba maganar da za ta iya kallon idon Kaltume ta faɗa ba ce.

Kaltume ce ta shigo da kanta, saura kwana tara, ba sallamar kirki, ta ce a bakin Sakinat take jin wai za a yanka maƙwabciyarta, ashe ita bare ce. Ta zazzaga faɗa son ranta, Rifkatu ta yi shiru, abin da ba ta taɓa yi ba. Da Kaltume ta ga haka sai ta nemi kujera ta zauna, ta daɗe tana kallon hannun Tabita a gefen zanen uwarta.

"Wai wa ya yaye yarinyar nan?"

Rifkatu ta ce ita mana, wa take da shi a Ibadan a lokacin? Maɗaci ta shafa, yarinya ta yi kukanta kwana uku a bayanta ta haƙura.

"To ba a yaye ta ba," in ji Kaltume. "Da nono kika raba ta, ba ki raba ta da ke ba. Ki kawo min ita jibi."

Ai kowa ya san yadda ake yi a gida. In lokacin yaye ya zo, gidan kaka ake kai yaro, uwa ta ɓuya kwana bakwai, kada ya gan ta kada ya ji muryarta, ya yi kukansa ya gaji har ya karɓi tuwo a hannun wata. Kaltume ta ce haka za a yi, kuma yanzu za a yi, tun uwar tana bayan katanga, ba sai tana kan gadon asibiti ba. Rifkatu ta ce mace mai shekara talatin da ɗaya za a yaye? Kaltume ta ce ko hamsin ce. Rifkatu ta duba gabas ta duba yamma ba ta ga wata ƙofa ba, ta amsa.

Ta wuni guda tana yi wa Kaltume bayani. Ƙwaya bayan an ci abinci, ba kafin ba, in ciki ba komai tana sa ta amai, in kuma ta yi amai ciwon na iya tashi. Ruwan wanka mai ɗumi. Kada a cika yaji. Tana tsoron akuya da ƙarar janareta. Ga shuɗin kofinta, ga bargonta, ga takalmin da ba ya matse ta. Har yadda ake taje mata kai daga ƙeya ba daga goshi ba sai da ta nuna. Kaltume ta ce ta raini 'ya'ya takwas, ba sai an karanta mata ba. Rifkatu ta ƙara maimaitawa duk da haka, ta tabbata ba abin da ta bari.

Ranar Litinin da safe Sakinat ta zo ta ce wa Tabita ta zo a sa mata lalle. Aka ja ta da wasa da dariya, aka rufe ƙofa. Rifkatu ta kife tanda, don ko ƙanshin waina ya isa ya tona ta, ta shige ɗaki ta zauna jikin katanga. Ba a yi rabin sa'a ba kiran ya fara. Mama. Mama. Tun ana kira da tambaya har aka koma kira da kuka, har aka koma dukan ƙofa. Rifkatu ta cusa gefen zane a baki don kada ta amsa. Sau uku tana miƙewa ta kama mariƙin ƙofa, sau uku tana komawa ta zauna.

Da yamma Sakinat ta leƙo ta raɗa mata cewa ruwa kawai ta sha. Rifkatu ta ce ai ranar farko ce. Talata ma haka, ruwa kawai, an gwada ba ta ƙwaya ta amayar. Kukan ya ragu, amma wannan bai kwantar wa Rifkatu da hankali ba, don ta san kukan mai ƙarfi da kukan wanda ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Ita ma ba ta iya sa komai a bakinta ba. Tana zaune tana lissafin kwana biyu ba magani, tana hango a ranta yarinyar ta faɗi tana shure-shure a tsakar gidan mutane, kusa da murhu. Ta ce wa Allah ga shi ta yi abin da ya fi ƙarfinta, in wannan ma bai yi ba, to ba ta da sauran dabara, kuma nan da kwana shida za ta hau gadon nan ko ta shirya ko ba ta shirya ba.

Laraba bayan azahar Kaltume ta shigo, ɗankwali a karkace, ido ya faɗa. Ba faɗa yau. Ta ce ta yi tuwon shinkafa, ta yi amala da ewedu, ta yi taliya, ta sa Gali ya sayo tsire, duk a banza. Ta ce abin da ya fi ɗaure mata kai, yarinyar yunwa take ji, da ta ji ƙarar kwano da kanta take zuwa ta zauna.

"Amma da na buɗe kwanon sai ta runtse ido gam, ta haɗe hannuwa a ƙirji, ta sunkuyar da kai. In lallasa, in yi faɗa, in kai mata loma har baki, ko motsi. Can sai ta buɗe ido ta kalle ni kamar na yi mata wani laifi, ta fashe da kuka ta ture kwanon. Ban taɓa ganin ƙin abinci irin wannan ba."

Rifkatu ta dafe kai da hannu biyu. Ta faɗi kofi, ta faɗi akuya, ta faɗi taje kai, amma abin da take yi sau uku a rana shekara ashirin da takwas ko kusa da ranta bai zo ba, don ba ta taɓa ɗaukar sa wani aiki ba, kamar yadda ba wanda zai ce maka ka tuna ka yi numfashi.

"Ba ƙi take yi ba, Hajiya. Jira take a yi addu'a."

Ta bayyana mata cewa tun yarinyar na ƙarama ba ta taɓa kai loma baki ba sai sun rufe ido uwar ta gode wa Allah. Kwana uku ke nan Tabita na zaune gaban abinci da yunwa tana jiran wani ya fara, ba wanda ya fara.

Kaltume ta yi salati a hankali. Ta tambayi me ake cewa. Rifkatu ta faɗa mata, 'yar gajeruwar addu'a ce, godiya da roƙon albarka, a rufe da sunan Yesu. Shekara talatin suna zaune lafiya saboda kowace ta san inda take tsayawa, yau ga su a daidai wurin.

"Kin san ina girmama Annabi Isa," in ji Kaltume. "Amma wannan ba zan iya faɗa ba."

"Na sani. Ban ce ki faɗa ba."

Rifkatu ta miƙe tana gyara ɗaurin zane, ta ce bari ta je ta yi mata, a bar yayen nan haka. Kaltume ta tare ƙofa da jikinta, ta ce in ta je yau, ranar da take kwance an sa mata robar ruwa wa zai je? Sakinat da ke tsaye a waje ta ce a ɗauki muryar Maman Tabita a waya a riƙa kunnawa. Kaltume ta ce da ta ji muryar za ta tashi neman mai muryar, a koma gidan jiya kamar ranar farko. Sannan ta ce wa Rifkatu ta zauna inda take, kada ta kuskura ta yi tari, ta fita.

Rifkatu ta durƙusa jikin katanga ta manna kunne. So take ta yi addu'a amma ba kalma ko ɗaya a bakinta, sai sunan Yesu kawai da take ta maimaitawa a ciki. Ta ji an ja tabarma. Ta ji an ajiye kwano, an buɗe murfi. Ta ji jan ƙafar Tabita, a hankali, ba kamar yadda ta saba ba. Sai muryar Kaltume, a tausashe, irin muryar da Rifkatu ba ta san tana da ita ba.

"Tabita, Mamanki ba ta nan. Ni kuma ban iya ba. Ke za ki yi da kanki, ni zan jira ki."

Shiru. Har wani mai gwanjo ya gama tallarsa a lungu, har wani ɗan acaba ya wuce, shiru. Gwiwoyin Rifkatu suka fara zafi a kan siminti. Ta riga ta yanke a ranta cewa ba zai yiwu ba, yarinyar da ba ta haɗa kalma huɗu, ba ta taɓa ko gwadawa ba, amin ɗin ma wani lokaci sai an tuna mata.

Sai ta ji an yi gyaran murya, irin nata sak, wanda take yi kafin ta fara.

"Uba, mun gode. Abinci. Ka sa albarka. Ka ji tausayinmu, ba mu da kowa sai kai. Sunan Yesu. Amin."

Kalmomin a karye suke, wasu a haɗiye, amma ba wadda ta ɓata, har da wancan na tsakiya da Rifkatu ta fara ƙarawa tun rasuwar Ɗanladi, wanda take faɗa ƙasa-ƙasa tana zaton ita kaɗai ke jin kanta. Ashe duk shekarun nan yana shiga, yana zaune a ciki. Ta ji Kaltume ta ja hanci ta ce to bismilla, ci abinki. Sannan ta ji ƙarar cokali a jikin kwano, ta sake ji, ta sake ji. Rifkatu ta kifa goshi a katanga tana kuka ba sauti, tana cewa na gode, ka gafarta mini, na gode.

Kada a ce daga nan tsoro ya tafi, bai tafi ba. Ƙarin yana nan a cikinta, ranar aiki tana matsowa, kuma ba wanda ya ce mata za ta tashi. Tana tuna cewa Kaltume ma ta haura sittin, tana da ciwon suga. Tana tuna in Kaltume ta faɗi sai yadda Gali da Sakinat suka ga dama. Amma ta samu ta ci abinci ranar, ta kuma iya zama ta yi maganar da a da take kasa yi. Ta ce wa Kaltume maganar Lahadi fa? Kaltume ta ce ita dai ƙafarta ba za ta taka coci ba, amma in matan zumunta za su aiko a ɗauke ta, za a same ta da wanka da kwalliya tun ƙarfe takwas, Gali kuma ya tsallakar da su titi ya sa su a keke. Aka kira shugabar zumunta a waya, ta ce wannan kam sun ɗauka.

Ranar Litinin da kwana bakwai suka cika ita ce ranar da za a kwantar da ita. Ta haɗa jakarta tun da safe, zane uku, flas, buta, takardun asibiti. Kaltume ta ce ta shigo su yi sallama, yaye ya ƙare. Rifkatu ta tsaya a zaure tana shirya yadda za ta ɓamɓare hannun yarinyar daga zanenta, da abin da za ta ce in ta fara ihu, da yadda za ta fita ba ta waiwaya ba. Ta roƙi Allah ƙarfin yin haka, ta shiga.

Tabita na zaune a tabarma kusa da Kaltume da tire a cinya, suna tsince wake. Ta ɗan rame. An yi mata kitso, hannuwanta sun yi ja da lalle. Ta ɗago ta ga uwarta, fuskarta ta washe, ta ɗaga hannuwan duka biyu tana nuna mata. Rifkatu ta durƙusa ta riƙe su ta ce sun yi kyau. Tabita ta kalli jakar.

"Mama, ina?"

"Asibiti. Zan kwana biyu."

"To. Sai kin dawo."

Ta zare hannuwanta ta mayar cikin wake, ta tsinci wani ɗan dutse ta miƙa wa Kaltume tana jiran a yaba mata. Rifkatu ta ɗan ƙara jira a durƙushe. Ba wanda ya kama zanenta. Ta dafa ƙasa ta miƙe, Kaltume ta kawar da kai ta ce Allah ya sa a yi a sa'a, ita kuma ta ce amin, ta ɗauki jaka ta fita.

Sai da keke ya hau titin Mokola sannan kukan ya ƙwace mata, mai ƙarfi, har kafaɗunta na girgiza. Mai keken ya rage gudu, ya leƙo ta madubi ya tambaye ta da Yarabanci ko rasuwa aka yi mata. Ta share fuska da gefen mayafi ta ce a'a, 'yarta ce ta bari a gida kuma ba ta yi kuka ba, ya ja su tafi kada su makara.